Haƙƙin Tsoho Da Haƙƙin Mai Yi Masa Hidima

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya san Jibiya ya san cewa iyakar da ke Magama, a kan hanyar da ta tashi daga Katsina ta bi ta Ɗan Isa zuwa Maraɗi, ba ta taɓa raba dangi ba. Tun da sarakunan Haɓe na Katsina suka koma Maraɗi a farkon ƙarni na 19 ake auratayya da cinikayya tsakanin ɓangarorin biyu. A yau 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati da yawa 'yan wannan yanki suna zaune a Katsina ko Kano ko Abuja, sun bar iyaye tsofaffi a gida a hannun wata mace ko wani saurayi da suka ɗauka da lada, sau da yawa daga ƙauyukan tsallaken iyaka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata rigima da aka kira ni sulhu a cikin danginmu. Wata gwaggona da ƙafa ta gaza, ɗanta ya ɗauko mata wata bazawara daga wajen Madarumfa. Suka zauna lafiya har aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023, aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris 2024. A wannan tsakanin Naira ta faɗi, abin da matar ke aika wa 'ya'yanta in an canza shi zuwa Sefa ya ragu ƙwarai, ga shi zuwa ganinsu ya yi wuya. Ta haɗiye abin a ciki, fuskarta ta ɗaure. Tsohuwa kuwa ta fara cewa ana ɗauke mata kuɗin goro. Da na bincika sai na tarar ba a taɓa yanke ladan aikin a gaban shaidu ba, ba a ba matar ranar hutu ba, ɗan kuma ya yi wata bakwai bai taka gidan ba.

To, shari'a ba ta bar wannan babi a buɗe ba. A mazhabar Malikiyya, ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mawadaci, kuma Shaihu Halil a cikin Muhtasar ya haɗa da ciyar da mai yi musu hidima. Ɗaukar mai hidima ijara ce, watau jinga, sharaɗinta kuwa a san lada, a san aiki, a san lokaci. Saboda haka a nan bakin iyaka lalle ne a faɗi da wane kuɗi za a biya, Naira ko Sefa, da ranar biya, da kwanakin da za ta je ganin iyalinta. A kuma bayyana ko aikin jinyar tsohuwa ne kaɗai, don kada a wayi gari ta zama mai daka da wanki da renon jikokin gida duka. Hadisin Abu Zarri da ke cikin Buhari ya koyar da cewa masu hidima 'yan'uwanmu ne, a ciyar da su irin abin da ake ci, kada kuma a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu.

Akwai wani abin lura. Kalmar nan ta ƙosawa da Allah Ya hana ɗa ya faɗa wa iyayensa a aya ta 23 cikin Suratul Isra'i, ita ce dai Anas ɗan Maliki ya ba da labarin cewa ya yi wa Annabi (S.A.W.) hidima shekara 10 bai taɓa jin ta daga bakinsa ba. Ashe ladabin nan ya hau kan kowa a ɗakin.

Ke mai hidima, ki sani amana ce a hannunki. Kira ta Inna ko Hajiya kamar yadda 'ya'yanta ke kiranta, ki yi sallama kafin ki shiga, ki tambaye ta kunu take so ko fura maimakon ki ajiye kwano ki fita. Wajen wanka da kewayawa a sakaya al'aura gwargwadon iko, mace ta kula da mace, namiji da namiji, sai fa in lalura ta tilasta. Ki tuna mata lokacin salla, ki kawo buta, in ruwa zai cutar da ita ki kawo abin taimama, ta yi salla a zaune ko a kwance. Wadda ba ta tashi a riƙa juya ta a kan shimfiɗa don kada gyambo ya fito mata. Abin da kika gani a ɗaki kada ya fita zaure.

Idan tsoho ya fara ruɗewa, yana maimaita magana ko yana zargin sata, wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa wanda Suratun Nahli, aya ta 70, ta yi nuni da shi, kuma ya kamata a kai shi ga likita. Kada 'ya'ya su kori baiwar Allah a kan zargin da babu shaida. Tsohon da hankalinsa ke daidai kuwa, shi ma ya ji tsoron Allah, ya bar gori da zagi, ya riƙa sa albarka.

Kai kuma Alhaji da ke aiko kuɗi ta waya, kuɗinka ya sayi aiki ne, biyayyar iyaye tana nan a wuyanka. Ka zo da ƙafarka, ka zauna a kan tabarmar mahaifiyarka, sa'an nan ka keɓe da mai hidima a gaban matan gida ka ji kokenta.

A gidan gwaggona haka aka yi. Aka rubuta lada a takarda, aka ƙara shi, aka sa mata kwana uku a kowane wata. Da na koma bayan Salla na same su a inuwa, tana yi wa tsohuwa kitso suna hirar mutanen Maraɗi.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin waɗanda ke ƙarƙashinmu, amin.