Makullin da Ke Ja wa Matashin Direba Birki

A mafi yawan jihohin Amurka matashi yana iya samun lasin tuƙi yana ɗan shekara 16, kuma da yake an shimfiɗa garuruwan ƙasar da dama ta yadda zuwa makaranta ko wurin aiki yake da wuya in babu mota, iyaye kan miƙa wa 'ya'yansu makulli tun hankalinsu bai gama nuna ba. Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta bayyana cewa idan aka auna da yawan tafiyar da kowa ya yi, direbobi 'yan shekara 16 zuwa 19 sun kusa ninka waɗanda suka kai 20 ko fiye sau uku wajen faɗawa haɗarin da ake rasa rai, kuma a shekarar 2020 kaɗai matasa kusan 2,800 'yan shekara 13 zuwa 19 ne suka mutu a haɗarin mota a ƙasar. Wannan ne ya sa kamfanonin ƙera motoci suka fara neman hanyar da uba ko uwa za su ci gaba da faɗa a ji a cikin motar ko da suna zaune a gida.

Kamfanin Ford ne ya fara fito da dabarar ga talakawan masu saye, da wani tsari mai suna MyKey wanda ya sanar a 2008, ya kuma sanya shi a motar Focus samfurin 2010. Tushen dabarar ba sabon abu ba ne, domin makullin motar zamani yana ɗauke da wata 'yar ƙwayar lantarki da ke gaya wa kwamfutar motar lambarsa, kuma asalin amfaninta shi ne hana ɓarawo tayar da inji da makullin jabu. Abin da injiniyoyin suka ƙara shi ne koya wa kwamfutar ta bambanta makulli biyu, wato babba da ke hannun mai motar da kuma wanda aka ɗaure wa sharuɗɗa aka ba matashi. Da zarar an kunna mota da na biyun, gudunta ba zai wuce mil 80 a sa'a ba, kimanin kilomita 129 ke nan, ko da direban ya take totur har ƙasa, saboda a motocin yanzu totur saƙo kawai yake aika wa kwamfuta, ita ce ke yanke yawan man da za ta ba inji. Ana iya tsayar da ƙarar rediyo a kashi 44 cikin 100, rediyon kuma yakan yi shiru, ƙararrawa ta yi ta bugawa, har sai an ɗaura bel. Gargaɗin ƙarewar fetur yana fitowa tun saura tafiyar mil 75 maimakon 50, sannan ba a iya kashe na'urar da ke hana tayoyi sulɓewa, wadda samari kan kashe idan suna son su yi wasa da mota. Rufe bakin rediyo saboda bel, a cikin duk waɗannan, shi ne ya fi nuna cewa masu tsarin sun san da wa suke yi, domin matashin da ke iya jure ƙarar ƙararrawa ba lallai ba ne ya jure tafiya babu kiɗa.

Kamfanin General Motors ya biyo baya da tsarin Teen Driver a motar Chevrolet Malibu samfurin 2016, inda mai mota ke shigar da lambar sirri ya yi wa makullin matashi rajista, ya zaɓi gudun da za a fara gargaɗi tsakanin mil 40 da 75, ya kuma iya hana motar wuce mil 85. Sabon abin da ya kawo shi ne rahoto irin na sakamakon makaranta, wanda ke nuna wa iyaye nisan da aka yi, da gudu mafi tsanani da aka kai, da yawan lokutan da birki ya yi aikin gaggawa ko na'urar hango karo ta yi gargaɗi. A samfurin Traverse na 2020 kamfanin ya ƙara wani sharaɗi da ke hana sa giya na tsawon daƙiƙa 20 idan direba bai ɗaura bel ba. Wasu kamfanoni irin su Hyundai sun bi ta wayar salula, inda uba zai zana iyaka a kan taswira ko ya sa lokacin dawowa gida, motar kuma, da yake tana sanin inda take ta hanyar tauraron ɗan'adam, ta aiko masa da saƙo idan an ƙetare iyakar ko an wuce lokacin. Volvo, wanda tun 2020 ya tsayar da gudun duk sababbin motocinsa a kilomita 180, yana ba da makulli mai ruwan lemo da za a iya rage masa gudu kafin a ara wa wani.

Labarin kamfanin Tesla ya fi sauran ɗaci. A watan Mayun 2018, a birnin Fort Lauderdale na jihar Florida, sitiyarin wata motar Tesla ya ƙwace wa wani ɗan shekara 18 yana gudun mil 116 a sa'a, motar ta daki katanga ta kama da wuta, shi da abokinsa guda suka rasu. Tun farko mahaifinsa ya sa an ƙayyade gudun motar a mil 85, amma daga baya aka cire ƙayyadewar bisa buƙatar matashin ba da sanin iyayensa ba. Bayan 'yan makonni kamfanin ya aika wa motocinsa da sabuwar manhaja wadda ke ba mai mota damar kulle gudu da lambar sirri, a 2022 kuwa masu taimaka wa alƙali yanke hukunci suka ɗora wa matashin kashi 90 na laifin, mahaifinsa kashi 9, kamfanin kuma kashi 1.

Hujjar ƙayyade gudu tana da ƙarfi a kimiyyance, domin idan gudu ya ninku sau biyu, ƙarfin karo da nisan da mota ke buƙata kafin ta tsaya bayan an taka birki sukan ninku sau huɗu ne. Sai dai iyakar mil 80 ba ta da wani tasiri sai a manyan tituna, alhali matashin da ke gudun mil 60 a unguwar da doka ta ce 30 yana cikin haɗari mai tsanani, kuma kwamfutar ba za ta hana shi ba tunda bai kai iyakar da aka sa mata ba. Bugu da ƙari, abubuwan da bincike ya daɗe da tabbatar da cewa su ne suka fi jefa sabon direba cikin halaka, wato tuƙin dare, da ɗaukar abokai sa'anninsa masu zuga, da rashin gogewar da ke sa ya kasa hango haɗari kafin ya iso, duk sun fi ƙarfin makulli. Doka ce ta fi taɓuka wani abu a nan, ta hanyar ba da lasin mataki-mataki, tsarin da ƙasar New Zealand ta fara a 1987, jihar Florida ta ɗauka a 1996, wanda kuma yanzu kowace jiha a Amurka take da irin nata. A ƙarƙashinsa sabon direba yakan fara da tuƙi tare da babba a gefensa, sannan a ba shi lasin da ya taƙaita masa tuƙin dare da yawan fasinjoji, kafin daga bisani ya samu cikakke.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko na'ura ita kaɗai tana gyara hali, kuma wani gwaji da masu bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka suka wallafa a 2013 ya ba da amsa mai gamsarwa. An raba sababbin direbobi matasa gida biyu, aka sanya wa motocinsu na'urar da ke kunna fitila duk lokacin da aka taka birki da ƙarfi ko aka sha kwana da ganganci. Rukunin farko fitilar kawai suke gani, na biyu kuwa ana aika wa iyayensu rahoto tare da hoton bidiyon abin da ya faru. Tuƙin ganganci ya ragu sosai a rukuni na biyu, amma a na farko bai canza ba. Ma'anar wannan ita ce abin da matashi ke shakka idon mahaifinsa ne da tambayoyin da za su biyo baya, don haka rahoton da ba a buɗe ba, ko aka buɗe ba a zauna an tattauna a kansa ba, kuɗinsa ya tafi a banza. Akwai kuma masu ganin cewa bibiyar da aka yi a ɓoye tana ɓata amana idan ta fito fili, kuma ganinsu yana da tushe, tunda matashin da bai san ana kallonsa ba babu dalilin da zai sa ya gyara tuƙinsa.

Wata matsalar ita ce ta arziki. Waɗannan tsare-tsare suna zuwa ne a sababbin motoci, matasa kuwa, kamar yadda cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshorar Amurka ta sha nunawa, galibi tsofaffi da ƙananan motoci ake ba su, ta yadda direban da ya fi kowa buƙatar kariya shi ne ke tuƙa motar da ta fi kowace ƙarancinta. Tarayyar Turai ta bi wata hanya dabam, inda daga Yulin 2024 ta wajabta wa duk sabuwar mota na'urar da ke gane iyakar gudun kowane titi ta gargaɗi direba, babba ne ko yaro, ko da yake yana da ikon kashe ta.

A Nijeriya, inda doka ba ta ba da lasin tuƙi sai mutum ya kai shekara 18, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya na'urar ƙayyade gudu a motocin haya tun Fabrairun 2017, amma dokar ba ta shafi motocin gida ba. Duk da haka fasahar ta riga ta iso ta cikin motocin Amurka na hannu da ake shigowa da su, kuma wanda ya sayi Ford aka ba shi makullin matashi shi kaɗai zai tarar motarsa ta ƙi wuce wani gudu, rediyonta kuma ya ƙi ɗaga murya, ba tare da wani abu ya lalace a inji ba, domin babban makulli ne kawai ke iya goge sharuɗɗan. Saboda haka ya kamata mai sayen irin wannan mota ya nemi dila ya ba shi makullan biyu kafin ya biya kuɗi, idan kuma yana da ɗa ko 'ya da suka isa tuƙi, ya bar sharuɗɗan a kan ɗaya, ya gaya musu dalilin hakan tun ranar farko.