Hannuwan da Babbar Riga ke Bi a Madawa, Buza da Keita

Idan azumi ya kai goma a Madawa, Buza ko Keita, tela ya rufe karɓar ɗinki, sai fa na wanda yake jin nauyinsa. 'Yan cin rani sun aiko da yadi daga Abijan da Legas, kaya sun taru, kowa a shago yana kan gurbinsa.

Almakashi na maigida ne. Shi ke gwada mutum, shi ke yanka, kuma ba ya sakar wa kowa wannan aiki, domin shaddar Getzner da aka saƙo a Ostiriya ta fi ƙarfin a koyi yanka a kanta. Ƙarƙashinsa akwai manyan yara da ke kan keke suna haɗa riga da wando. Sai ƙaramin yaro, wanda ubansa ya kawo ya damƙa amana, ba takarda, ba albashi. Nasa shara ne, da hura gawayin dutsen guga, da sa maɓalli, da zuwa aike. Yakan daɗe yana kallo kafin a bar shi ya taka keke, shi ma a kan ƙyalle. Ranar yaye maigida ya sa masa albarka, in da hali ya haɗa masa da keke.

Babbar riga kuwa ba ta ƙarewa a shago ɗaya. Mai zane ne ke fitar da aska biyu ko aska takwas a ƙirji da aljihu. A da aikin malamai ne da almajiransu, masu hannun da ya saba da allo. Mai surfani ya bi zanen. Na inji ya gama cikin kwanaki, na allura ya kwashe watanni, shi ya sa mai son aikin hannu na ainihi yakan nemo shi har Zariya ko Kano. Daga nan sai mabuga, su ɗora ta kan gungume, su yi ta bugu har ta ɗauki ƙyalli.

Manyan gidajen ɗinki na Faransa ma haka suke rabon aiki: shugabar ɗaki tana sama, masu allura na ƙarƙashinta, surfani kuma a kai irin su gidan Lesage. Can tun 1945 hukuma ce ke tantance gidan da ya cancanci shiga wannan sahu. A nan bakin jama'a ke tantancewa, kuma a ganina ba ya yin adalci. A filin Idi za a yaba rigar Alhaji, a tambayi telan da ya ɗinka, amma ba mai tambayar wanda ya zauna gindin bedi wata da watanni yana bin aska da allura.