Gawon Arewa: a kiyaye irin gida

Duk wanda ya bi hanya daga Tibiri zuwa Dogon Dutsi har Matankari cikin watan Maris, zai ga gawo kore shar cikin gonakin Dallol Mawri. Sauran itatuwa sun kaɗe ganye, shi kuwa lokacin yake ado. Da damina ta faɗi sai ya zubar da ganyensa. Shi ya sa hatsi yake yin kyau ƙarƙashinsa. Ganyen ya zama taki, bisashe sun kwanta inuwarsa da rani sun bar kashi, kuma babu inuwar da za ta danne shuka.

Amma gawo ba ɗaya ba ne. Kowane manomi ya san gero daban, maiwa daban, ko da yake duk hatsi ne. Haka gawo yake. Wani yana yin ƴaƴa da yawa, wani kaɗan. Wani yana jure fari, wani ba ya jurewa. Wannan hali cikin iri yake, ɗa yana gadonsa daga uwa.

An gwada abin a Sadore, kudu da Yamai, a gonar bincike ta ICRISAT, wajen ƙarshen shekarun 1980. An shuka gawon ƙasashen Sahel kusa da gawon da aka kawo daga kudancin Afirka. Da farko baƙon ya yi saurin girma, ya bar na gida baya. Daga baya sai ya riƙa mutuwa. Na gida bai yi gaggawa ba. Ƙarfinsa ya tafi ga saiwa, tana nutsewa ƙasa neman ruwa. Shi ne ya rayu.

Manyan gawon da ke tsaye yau a Arewa sun ga farin 1973, sun ga na 1984. Da yawa sun bushe, waɗannan sun tsira. Irinsu ya fi na sayarwa daraja. Abin damuwa shi ne a gonaki da dama tsofaffi kaɗai ake gani. Ƙanana suna fitowa daga kashin awaki da shanu, amma ana sare su wajen sassabe, ko akuya ta cinye. Tsofaffin kuma ana datse musu rassa don dabbobi har su kasa yin ƴaƴa. In tsoho ya faɗi bai bar ɗa ba, irinsa ya tafi ke nan.

Manoman jihar Maradi sun soma sassaben zamani tun wajen 1984. Ba shuka ake yi ba. Manomi yana barin tohon da ya fito da kansa, ya zaɓi mai ƙarfi, ya rage na gefe, ya kafa masa sanda ko ƙaya. A shekarar 2020 gwamnati ta yi doka wadda ta ba manomi hakkin amfani da iccen da ya rena haka cikin gonarsa.

Mai son tara iri don wurin renon itatuwa kada ya ɗebo ga uwa guda, ko da ita ce mafi kyau a gari. In ciwo ko fari ya fi ƙarfinta, duk ƴaƴanta za su tafi tare. A ɗebo ga uwaye 20 ko 30 masu nisa da juna, na cikin dallol da na tudu, a haɗa. Ƙwayar tana da tauri. A zuba mata ruwan zafi, ta kwana ciki, sannan a shuka.