Injin sassaƙa na hannu mai kwamfuta: Inda aiki ke lalacewa tun haƙori bai taɓa katako ba

Wani ɗalibin digirin digirgir a Jami'ar MIT ta Amurka, Alec Rivers, ya gaji kayan aikin kafinta daga kakansa, sai ya yi niyyar haɗa firam ɗin hoto da hannunsa. Ya auna, ya yanka, amma kusurwoyin suka ƙi haɗuwa yadda ya kamata. Da yake kwamfuta ce fagensa, sai ya shiga tunanin injin da mutum zai riƙa turawa kusa da layi, shi kuma injin ya riƙa gyara ɗan kuskuren hannu. A shekarar 2012 shi da Ilan Moyer da Frédo Durand suka gabatar da sakamakon binciken. Daga wannan aiki ne kamfanin Shaper Tools ya tsiro a birnin San Faransisko, ya fara kai wa masu saye injinsa mai suna Origin a 2017. A 2019 kamfanin Jamus da ya mallaki Festool ya saye shi.

Kafintoci na kiran irin wannan inji rauta, kuma ba shi da dangantaka da rautar intanet da ke maƙale a bangon ofis. Mota ce ƙarama mai juya haƙorin ƙarfe da matuƙar sauri, tana fafe katako, tana fitar da rubutu, ado ko gurbin hinji. Wanda kwamfuta ke sarrafawa shi ake kira CNC. Manyansu tebura ne da ke cinye rabin shago, su buƙaci wuta mai ƙarfi da mota ta musamman kafin a ɗaga su. Origin kuwa bai kai kilo 7 ba, ana sa shi a bayan mota a kai shi inda aiki yake. Akwai wasu masu saukin ɗauka da ke bin wata hanyar daban, kamar Maslow wanda Bar Smith ya fito da shi a 2016, mai rataye rauta da sarƙoƙi biyu a gaban falanki, amma na hannun shi ya fi jan hankalin masu ƙaramin wuri.

Ga ma'aikacin tarayya da ke lissafin cikar shekara 35 a bakin aiki ko 60 a duniya, irin wannan inji na da ban sha'awa: allunan sunan ofis, kambun karramawa, ƙofofin kabad masu ado, duk abubuwa ne da Abuja ba ta gajiya da saye. Sai dai kuɗinsa ya haura dala 2,000 kafin a zo batun jirgi da kwastan. Kuma Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko sana'a ta kansa, in ban da noma. Don haka ga wanda ke kan kujera, wannan lokacin koyo ne a garejin gida. Koyon kuwa, kaso mafi girma nasa ba ya cikin danna maɓalli. Yana cikin shirin da ake yi kafin a kunna motar.

Injin da ke gani da tef

Origin ba ya da dogo ko ƙarfen da zai bi. Kyamara ce a goshinsa, tana kallon wani tef na musamman da ake mannawa a kan aikin, mai ɗauke da ɗigo-ɗigo farare a kan baƙi kamar ƙwayar ludo. Kafin yanka, mai aiki yana zagayawa da injin a kan katakon har kyamarar ta haɗa taswirar wurin. Sannan ya ɗora zanensa a kan taswirar ta allon da ke saman injin, ya kama hannaye biyu ya riƙa bin layi. Motar tana iya gocewa da kanta cikin da'irar da faɗinta ya kai kimanin rabin inci domin ta ci gaba da zama a kan layin gaskiya. Idan hannu ya kauce fiye da haka, sai ta janye haƙorin sama nan take.

Ke nan duk abin da injin ya sani game da duniya, daga tef ya san shi. Idan tef ya yi ƙarya, injin zai yanka ƙaryar da cikakkiyar ƙwarewa. Wannan ne tushen mafi yawan ƙorafin sababbin masu shi.

Sharaɗi na farko shi ne tef da farfajiyar da injin ke tafiya a kai su kasance a tsayi ɗaya. Idan aka manna tef a kan wani guntun katako da ya ɗara aikin kauri ko ya gaza shi, lissafin nisa zai karkace, kuma kuskuren na ƙaruwa ne yayin da injin ke nisa. Na biyu, tef da aikin su zama tamkar jiki ɗaya. Da zarar ɗayansu ya motsa ko da milimita ɗaya bayan an ɗauki taswira, zanen da ke kan allo ya rabu da katakon da ke ƙasa, kuma allon ba zai faɗa ba. Na uku, a jera layukan tef da tazarar da ba ta wuce faɗin yatsu huɗu ba, a gaban injin, inda kyamara ke kallo. Sabon shiga yakan cika tsakiyar aiki da tef, ya manta cewa idan ya iso gefen ƙarshe kyamarar za ta leƙa waje, ta ga sumunti. A nan ne haƙori ke tsalle sama a tsakiyar yanka, mai aiki ya ɗauka injin ya lalace.

Akwai kuma ƙananan abokan gaba. Hasken rana da ke faɗowa kai-tsaye a kan tef yana ƙyalli ya makantar da kyamara, don haka aikin tsakar gida da azahar ba nasa ba ne, sai a inuwa. Garin katako da ya kwanta a kan ɗigon yana ɓoye su. Idan alamar tef da ke kusurwar allo ta koma ja, abin da ya kamata a fara ɗauka shi ne burushi da ƙyalle mai laushi na goge gilashin kyamara, ba wayar kiran dillali ba.

Mariƙi, abin da ba ya zuwa a kwali

Abin da kafintocin Turai ke kira jig ba wani abu ba ne illa mariƙi: katako ko ƙarfen da aka tsara don ya riƙe aiki a wuri ɗaya, a yanayi ɗaya, sau ɗari idan ana so. Kamfanin na sayar da nasa. Workstation, wanda ya fito a 2020, yana riƙe katako a tsaye domin a yanka harshe da rami na haɗa ƙafar kujera ko kusurwar akwati. Plate, na 2022, faranti ne mai taga da ake ɗorawa a kan ƙofa ko falanki domin fafe gurbin hinji da makulli. Dukansu na ɗauke da ɗigonsu na dindindin, abin da ke rage cin tef, kuma tef kaya ne da sai an yi odarsa daga waje.

Amma mariƙin da ya fi amfani, kowane kafinta a Kugbo zai iya haɗa shi da ragowar falanki. A samu allon MDF mai laushin fuska a matsayin shimfiɗa, wadda haƙori zai riƙa ci idan ya huda aiki ya fita ta ƙasa. A kafa sanduna biyu a kanta su yi kusurwa madaidaiciya, inda kowane sabon katako zai jingina. A gabansu a ɗaure wani allo mai kauri daidai da na aikin, a lulluɓe shi da tef. An ɗauki taswira sau ɗaya ke nan, an ɗora zane sau ɗaya. Wanda aka ba kwangilar allunan suna 40 zai cire wannan ya sa wancan, rubutu na faɗawa wuri ɗaya a kowanne.

Ƙaramin aiki yana da nasa haɗarin. Gindin injin na da faɗi, idan rabinsa na kan katako rabi na lilo a iska, zai karkata, yankan ya fito a gicciye. Magani shi ne a kewaye aikin da guntaye masu kauri ɗaya da shi. Sannan duk ɓangaren da za a yanke ya rabu da uwarsa, a manne shi da shimfiɗa da salatif mai gam fuska biyu. In ba haka ba, a daidai lokacin da yanka ya zagayo ya haɗu, guntun zai motsa, haƙori ya cije shi ya ɓata gefe, wani lokaci ma haƙorin ya karye.

Zurfi da kauri

Duk lokacin da aka sauya haƙori, dole ne a sa injin ya sake taɓa fuskar katako da bakin haƙorin domin ya san inda sifili yake. Mantuwa da wannan mataki na daƙiƙa kaɗan ita ke sa rubutun da aka so ya shiga milimita 2 ya huda ƙofa. Ƙa'idar da aka saba bi wajen zurfi ita ce kada a ci fiye da faɗin haƙorin a zagaye ɗaya. Haƙori mai milimita 6 zai ratsa falanki mai 18 a zagaye uku ko fiye, kuma a katako mai tauri gara a rage.

Shi kansa adadin 18 ɗin abin tuhuma ne. Falankin da ake sayarwa da wannan suna a Dei-Dei ko wata kasuwa ba lallai ne ya cika ba, kuma biyu daga tari ɗaya na iya bambanta. Wanda ya zana rami mai faɗin 18 daidai, ya zo ya tarar falankinsa 17 ne da ɗoriya, kabad ɗinsa zai riƙa rawa. A auna kowane falanki da ma'aunin kauri irin na masu gyaran inji kafin a yi zane. Injin na da dabarar da ke taimakawa: ana iya umartarsa ya bar ɗan nama a gefen layi a zagayen farko, a gwada haɗin, sannan a riƙa aske kashi ɗaya cikin goma na milimita har harshe ya shiga rami da ɗan bugun tafin hannu. Sharaɗin dai kada a cire aikin daga mariƙi kafin a gamsu. Kuma tun da haƙori zagayayye ne, ba zai taɓa fitar da kusurwar ciki mai kaifi ba. Mai milimita 6 zai bar lanƙwasa ta milimita 3, sai a ƙarasa da hannu ko a tsara zanen da sanin haka.

Idan gefen yanka ya yi baƙi yana warin ƙuna, hannu ne ke tafiya a hankali fiye da kima, ko gudun motar ya yi yawa, ko haƙori ya dakushe. Motar Origin na juyawa tsakanin sau 10,000 zuwa 26,000 a minti, kuma ba kowane aiki ke son ƙololuwa ba. Alamar yanka mai lafiya ita ce ɓarzajjen katako, ba gari mai laushi ba. Idan kuma fatar saman falanki na tsagewa, haƙorin mai jan ɓarza sama ne. Akwai mai tura ta ƙasa, wanda ke barin fuska sumul. Loko, wanda ake kira iroko a kasuwa, yakan ɓoye dunƙulen ma'adini mai tauri a cikinsa, yana dakusar da haƙori da wuri.

Abin da Nijeriya ke ƙarawa

Kuskure mafi tsada ana yin sa ne tun ranar saye. Injin da aka ƙera don kasuwar Amurka na aiki da wuta mai bolt 120, ta Nijeriya kuwa 230 ce. Wanda ɗan'uwa ya riƙo masa daga can, ya soka shi a bango ba tare da taransifomar rage ƙarfin wuta ba, ya ƙona dukiyarsa a daƙiƙa guda. Samfurin Turai shi ya dace da wutar ƙasar nan. Bambancin bai tsaya nan ba. Muƙamuƙin da ke damƙe haƙori a samfurin Amurka na rubu'in inci ne, wato milimita 6.35, na Turai kuwa 8. Haƙori mai gindin milimita 6 zai shiga muƙamuƙin 6.35 kamar ya zauna, amma yana fara aiki zai riƙa zamewa ƙasa, zurfin yanka na ƙaruwa ba tare da kowa ya umarta ba. Duk wanda ya ga rami ya fara daidai ya ƙare da zurfi, muƙamuƙi zai fara dubawa: girmansa, tsabtarsa, da ƙarfin ɗaurinsa.

Tun da kwamfuta ce a cikinsa, hawa da saukar wuta ba su yi masa daɗi, don haka sitabilaiza ko inbata mai kyau na cikin kuɗin saye. Abin sauƙin shi ne yana adana taswirar da ya ɗauka. Idan aka ɗauke wuta a tsakiyar aiki, muddin tef da katako ba su motsa ba, zai gane wurin idan ta dawo, a ci gaba daga inda aka tsaya.

Injin zuƙe ƙura ma ba ado ba ne. Yana kare tef da kyamara, yana kuma kare ƙirjin mai aiki. Hukumar binciken cutar daji ta ƙasa da ƙasa da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar, kuma ƙurar loko sananniya ce wajen tayar da asma da ƙaiƙayin fata. Mutumin da ya kai shekara 60 yana shiga wannan sana'a ba shi da huhun da zai yi wasa da shi.

Saura yanayi. Katako na shan danshi ya kumbura a faɗinsa, ya bushe ya tsuke. A Abuja, inda damina ke kaiwa Oktoba sannan hunturu ya busar da komai daga Disamba, haɗin da aka yanka cif a watan Agusta da ɗanyen katako zai iya sakin jiki a Janairu, ƙofar da aka yi wa gurbi daidai a Janairu kuma ta cije a Agusta. Injin na iya riƙe ma'auni cikin ɗan ɓangaren milimita, katakon da bai bushe ba kuwa zai motsa ninkin haka sau da yawa. Shi ya sa ake jera katakon da aka sayo a cikin shago, da 'yan sanduna tsakanin kowane biyu don iska ta ratsa, a bar shi makonni kafin a manna masa tef.