3.4 Tafiyar Fakitin Bayanai Tsakanin Katin Sadarwa, Kanel da Manhaja

A wannan sashe za a duba yadda fakitin bayanai ke shigowa kwamfuta har ya isa hannun manhajar da ke jiran sa, tare da ɗaukar misali daga tsarin Linux. Kamar yadda aka ambata a baya, kanel shi ne zuciyar tsarin, kuma shi kaɗai ke da ikon mu'amala da na'urori kai tsaye. Manhaja sai dai ta roƙe shi.

Idan fakiti ya iso, katin sadarwa ne ke zuba shi cikin ma'adanar kwamfuta da kansa, ba tare da wahalar da firosesa ba. Wuraren da zai zuba ɗin direban katin ya riga ya jera su a tsarin zobe, wato idan an kai ƙarshe sai a koma farko. Daga nan sai katin ya katse firosesa don sanar da ita. Kanel ya ɗauki fakitin, ya naɗe shi a wani tsari da ake kira sk_buff, ya binciki adireshinsa, sannan ya kwafe shi zuwa ɓangaren manhaja.

Idan aka lura, katsewar nan da kwafar nan su ne tushen matsalar. A layi mai gudun gigabit 10 a daƙiƙa, fakiti ƙanana masu bayit 64 za su iya kai miliyan 14.88 cikin daƙiƙa guda. Ke nan kowane fakiti bai samu fiye da nanosakan 67 ba. Mogul da Ramakrishnan (1996) sun nuna cewa idan katsewa ta yi yawa, kwamfuta takan shagala da amsa sallama har ta kasa sallamar ko da baƙo ɗaya. Saboda haka ne Linux ya shigo da NAPI a farkon shekarun 2000: bayan katsewar farko sai a rufe ƙofar katsewa, kanel ya riƙa leƙa zoben yana kwasar fakiti da yawa a tashi ɗaya.

Ita kuwa kwafa, an bi hanyoyi biyu. DPDK, wanda kamfanin Intel ya fara a 2010, yakan ƙwace katin gaba ɗaya daga hannun kanel ya miƙa wa manhaja. Akwai sauri, amma an rasa tacewa da kariyar kanel, kuma firosesar da aka ware ba ta hutawa ko babu fakiti. A ganin mai wannan nazari, AF_XDP da ya zo da Linux 4.18 a 2018 ya fi dacewa da mafi yawan ayyuka. A nan manhaja kan ware wani yanki na ma'adanarta ta yi masa rajista wurin kanel, katin ya zuba fakiti a ciki kai tsaye. Abin da ke kai-komo a zobba huɗu tsakaninsu adireshi ne kawai, fakitin yana nan inda aka sauke shi. Sai dai wannan ba ya yiwuwa sai direban katin ya goyi bayan tsarin. In ba haka ba, kanel zai koma kwafa kamar da.