Yadda hidimar ƙasa ke rage wa ɗalibi kuɗin jami'a a Amurka

A Amurka, wanda ya yi aikin hidimar al'umma a ƙarƙashin shirin AmeriCorps, wanda aka kafa a 1993 zamanin Shugaba Bill Clinton, yana samun tallafin karatu mai suna Segal idan ya kammala wa'adinsa. Cikakken wa'adi shi ne aƙalla sa'o'i 1,700, ko dai koyar da yara karatu, ko gyara gidajen da ambaliya ta lalata, da makamantansu.

Adadin tallafin na cikakken wa'adi daidai yake da mafi girman tallafin Pell na gwamnatin tarayya, wato dala 7,395 a shekarar karatu ta 2024–2025. Kuɗin ba ya shiga aljihun ɗalibi. Ta intanet zai nema, sai a tura wa makarantarsa kai tsaye, ko kuma a rage masa bashin karatu da ke kansa.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Dole ne a yi amfani da shi cikin shekaru 7 bayan kammala wa'adin, kuma ana biyan haraji a kan abin da aka cira a shekarar da aka cire shi. Shi ya sa masu dabara kan rarraba shi kan shekaru biyu ko uku, maimakon su kwashe shi a lokaci guda.