Yadda saiwar shuka ke kare kanta daga gubar ƙarafa

A shekarar 2010 gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, sakamakon niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. A 2015 aka sake samun irin wannan a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. Ƙura ce ta kai gubar jikin yaran, to amma dalma ba ta ruɓewa, tana zama a cikin ƙasa shekara da shekaru. Shin yaya shukar da ta tsiro a irin wannan ƙasa ke rayuwa?

Saiwa ce ke fara karo da ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyom da kuromiyom. Idan suka yi yawa, sai ta daina tsawo, ganye ya yi rawaya, shuka ta tsumbure. Sai dai akwai sinadaran da shuka ke haɗawa da kanta domin tunkarar wannan barazana.

Kariya ta farko a waje take. Bakin saiwa na tsattsafo da sinadarai masu tsami, ciki har da irin wanda ke cikin lemon tsami, su ɗaure ƙarfen tun yana cikin ƙasa. A 2007 masana suka gano ƙwayar gadon da ke bai wa wasu nau'o'in dawa damar yin haka ga alminiyom a ƙasa mai tsami.

Abin da ya kuɓuce wa wannan tarko yakan maƙale a bangon ƙwayoyin halittar saiwa, inda wani sinadari mai danƙo da ake kira fektin ke riƙe dalma. Shi ya sa akasarin dalmar da shuka ta sha ke tsayawa a saiwa.

Idan kuwa ƙarfen ya kutsa ciki, sai shuka ta haɗa fitokelatin, sinadarin da Meinhart Zenk da abokan aikinsa suka bayyana a Jamus a 1985. Yana kama kadmiyom da arsenik ya kai su wata 'yar jaka a cikin ƙwayar halitta, a killace su kamar hatsi a rumbu. Wasu sinadaran kuma, irin su furolin, suna rage ɓarnar da gubar ta riga ta fara.

Wannan baiwa tana da amfani. A 2001 masu bincike a Jami'ar Fulorida ta Amurka suka nuna cewa wani tsiro mai suna Pteris vittata na zuƙe arsenik ya tara a ganyensa, abin da ya sa ake gwada shi wajen tsabtace gurɓatacciyar ƙasa.

Tana kuma da haɗari, domin shuka kanta take karewa, ba mai cin ta ba. A yankin Toyama na Japan, shinkafar da aka yi wa ban-ruwa da kogin Jinzu ta tara kadmiyom daga mahaƙar ma'adinai, ta jawo wa jama'a cutar ƙashi da ƙoda da ake kira itai-itai.

Darasin ya shafi masu lambu a kusa da Challawa da Sharaɗa a Kano, inda masana'antun jima ke amfani da kuromiyom. Kyan ganye ba shaidar lafiyarsa ba ce. Wanke kayan lambu na kawar da ƙurar da ke bayansu, amma abin da ya shiga ciki sai gwajin ƙasa da na ruwa ne kaɗai zai iya tona shi kafin a shuka.